Kwat Ɗaya Ko Riga Kan Riga: Gardamar Masu Hawan Dutsen Kagoro

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, iska ta juyo daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, 'yan gwanjon Kafanchan sukan ture dilolin ƙananan riguna gefe su kwance na kayan sanyi. Kafin Kirsimeti ya zo, rumfunansu sun cika da kwat-kwat masu kumburi, da suwaita, da hulunan ulu, da safar hannu. A daidai wannan lokaci ne kuma matasa ke shirin hawan dutsen Kagoro, domin ranar 1 ga Janairun kowace shekara ake bikin Afan, kuma baƙon da ya taso daga Kaduna ko Abuja ko Jos ba ya jin ya zo Kagoro sai ya taka dutsen, ko da rabinsa ne. To a nan gardamar take tashi. Mai niyyar hawa da asubar hunturu, kwat guda mai kauri zai saya ya huta, ko kuwa riguna uku ko huɗu marasa nauyi zai jera a jikinsa, yana cirewa yana mayarwa?

Kafin a saurari kowane ɓangare, ya kamata a san irin sanyin da ake magana a kai, don ba sanyin ƙanƙara ba ne. Kafanchan tana zaune a tudun da ya ɗan haura mita 700 daga doron teku, ƙololuwar dutsen Kagoro kuwa ta wuce mita 1,200. Masana yanayi sun daɗe da auna cewa duk hawan mita 1,000 iska kan rage ɗumi da kimanin digiri 6.5. Ke nan tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da kan dutsen, bambancin wajen digiri 3 ne kacal, wanda bai isa ya tayar wa kowa da hankali ba. Abin da ke ba mutum kashi abu biyu ne. Na farko iska: a cikin gari katanga da bishiyoyin mangwaro suna tare ta, a kan falalen dutse kuwa ba abin da ya shiga tsakaninka da jaura. Na biyu saurin juyawar yanayi. Asubar Janairu a wannan yanki takan sauko wajen digiri 15 ko ƙasa da haka, amma kafin azahar zafi ya haura 30, saboda busasshiyar iska ba ta riƙe wa ƙasa ɗuminta da dare. Wanda ya fito ƙarfe biyar da rabi haƙoransa na kaɗawa, shi ne ƙarfe sha ɗaya zai riƙa neman inuwar dutse.

Masu goyon bayan kwat ba su da dogon turanci. Hujjarsu ta farko aljihu ce. Talaka sau ɗaya yake shiga kasuwa don kayan sanyi, wataƙila a shekara uku ma, don haka abin da zai saya dole ya yi masa aiki a ko'ina: fita sallar asuba, kwanan coci na daren shiga sabuwar shekara, gadin shago, zaman makoki a waje, tafiya bayan a-kori-kura zuwa kasuwar citta a Kwoi ko Kachia. Hawan dutse rana ɗaya ne a shekara, in ma an yi. Suka ce wane mai hankali ne zai tsara sayayyarsa a kan rana ɗaya, ya bar sauran kwanakin hunturu? Ɗan gwanjo ya fi kowa iya faɗar wannan. Zai ɗago kwat ya girgiza ta a gabanka ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauki wannan ka huta. Ko a Jos ka kwana a waje ba abin da zai same ka." In ka ce, "Malam, ba ta yi nauyi ba?" sai ya ce, "Alhaji, ai nauyin shi ne maganin sanyin."

Maganarsa ta ƙarshe ba daidai ba ce, zan dawo kanta, amma ta farkon tana da ƙafa. Tufa ba ta ƙirƙirar ɗumi. Jiki ne ke yin ɗumin, tufa kuwa aikinta ta tsare iskar da jiki ya ɗumama kada ta gudu. Iya yawan iskar da riga ta kulle a cikinta, iya ɗuminta, shi ya sa kwat mai kumburi, wadda aka cusa wa laushin gashin agwagwa ko audugar roba, ta fi suwaita uku da aka matse a jiki. Masu hawan manyan duwatsun duniya ma da haka suka ƙare. A yunƙurin hawan Everest na 1922, George Finch ya je da kwat cike da gashin agwagwa, abokan tafiyarsa suka yi ta yi mata dariya har sanyi ya rufe musu baki. A 1940 Eddie Bauer ya yi rajistar mallakar irin wannan kwat mai ɗinkin gida-gida a Amurka, kuma jikokinta ne ke rataye yau a kasuwar Katako ta Jos da Kasuwar Barci ta Kaduna da Ƙofar Wambai ta Kano. Har gobe, mai nufin ƙololuwar Everest, mai tsawon mita 8,849, cikin irin wannan kumburarriyar suturar yake isa.

Akwai kuma mutumin da ba wanda ya isa ya yi masa wa'azin ƙananan riguna, wato ɗan acaɓa. Wanda ke ɗauko fasinja da duku-duku daga Kafanchan ya bi ta Kagoro da Manchok, ya haura Ganawuri ya doshi Vom, yana hawa tudun Filato ne a zaune, iska na dukan ƙirjinsa da gudun babur. Jikinsa ba ya motsi balle ya yi gumi. Wannan kwat ce ta dace da shi, mai kauri, mai wuya a rufe, wadda iska ba ta ratsawa. In ka ga ɗan acaɓa ya cusa kwali ko tsohuwar jarida a ƙirji a ƙarƙashin riga, kada ka yi dariya. Ya gane abin da ya dame shi, kuɗin kwat ɗin ne bai samu ba.

Hujjar masu kwat ta ƙarshe ita ce sauƙi. Riga huɗu na buƙatar jaka, da tsayawa, da cire hula, da kwance wannan a ɗaura wancan, ga ƙura na jira. Kwat kuwa zif ɗaya ne. In zafi ya yi ka zuge, in sanyi ya dawo ka ja.

To masu jera riguna fa? Su ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suke cewa shi ne an amsa tambayar da ba a yi ba. Yawancin misalan da aka kawo, mai gadi da ɗan acaɓa da fasinjan bayan mota, mutane ne da ke zaune. Mai hawan dutse kuwa murhu ne da kansa. Daga ƙarfin da tsokar ɗan Adam ke ƙonawa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka ke zama motsi, ragowar duk zafi ne. Mai haura gangare da jaka a baya yana fitar da zafin da ya ninka na mai zaune sau biyar ko fiye. Sa masa kwat ɗin da aka ɗinka don dusar ƙanƙarar Kanada ko Koriya, ka ga abin da zai faru. Kafin ya bar gonakin gindin dutse bayansa ya jiƙe. Zai zuge zif, amma hannaye da baya da kafaɗu suna nan a dafe. Sai ya cire ta gaba ɗaya, ya rage daga shi sai jiƙaƙƙiyar singileti a gaban iskar hunturu. Kwat ba ta san tsaka-tsaki ba: ko dai tana jikinka kana dahuwa, ko tana hannunka kana rawar ɗari.

Wannan jiƙewar ita ce cibiyar maganar gaba ɗaya, kuma a nan nake ganin masu jerawa sun fi kusa da gaskiya. Ruwa ya fi iska saurin janye zafi da kusan ninki 25. Rigar da ta sha gumi ta daina tsare ɗumi, ta koma hanyar fitarsa. Ga shi kuma iskar hunturu ƙishirwa gare ta, duk danshin da ta samu nan take take ɗauke shi, kuma ba ta tafiya da ruwa sai ta haɗa da zafin jiki, daidai yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa saboda ɗan tsattsafowar da take yi ta jikinta. Shi ya sa sanyin da ya fi cutar mai hawa ba na asuba ba ne, lokacin da kowa ke shirye. Wanda ke zuwa bayan an isa sama ne, an zauna an buɗe ledar ƙosai ana ɗaukar hoto, jiki ya daina aiki, riga a jiƙe, iska na kaɗawa.

Dabarar masu jerawa ita ce a raba aikin tufa gida uku, a ba kowace riga nata. Wadda ke manne da fata, aikinta ta kwashe gumi ta bushe da wuri. Ta tsakiya ta riƙe ɗumi: suwaitar ulu, ko wannan mai laushin ta zaren roba da ake kira filis, wadda kamfanin Malden Mills na Amurka ya fito da ita wajen 1980. Ta waje kuwa ba a neman kauri a wurinta, tare iska kawai ake so ta yi, don haka 'yar siririyar jaket ta nailan ta wadatar. Mai wannan shiri yana da zaɓi da yawa a hannunsa. Ya fara tafiya da ukun, in jiki ya ɗau zafi ya cire ta tsakiya ya bar ta waje, in ya shiga kwazazzabon da ba iska ya cire ta wajen, in ya isa sama ya mayar da duka kafin gumi ya huce. Ƙwararru a cikinsu ma sukan ce a fara tafiyar ana ɗan jin sanyi, don wanda ya bar gida cikin ɗumi mai daɗi, ba zai yi nisa ba zai jiƙe.

Su ma suna da nasu gwarzon na Everest. George Mallory, wanda ya ɓace a dutsen a 1924, riguna ya jera na siliki da auduga da ulu, ya rufa da jaket ɗin gabadin. Da aka gano gawarsa a 1999, masu bincike a Ingila suka kwaikwayi tufafin zare da zare, aka gwada su a Everest a 2006, aka tarar ba su da nauyi, suna ba da damar motsi, kuma suna tsare sanyi fiye da yadda aka zata. Masu kwat sukan yi caraf su ce, "To ai bai dawo ba." Gaskiya ne bai dawo ba, amma raunukan da aka gani a jikinsa na faɗuwa ne.

Inda gardamar takan ɓaci shi ne in aka mayar da ita ta 'yan boko da talakawa, a ce jera riguna iyayi ne na masu kallon bidiyon Turawa a waya. Wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Dubi shigar dattijo a safiyar Juma'a ta hunturu: singileti, 'yar ciki, jamfa, babbar riga, ga mayafi a kafaɗa. Hantsi na yi mayafi ya sauka, rana na take tsaka babbar riga ta koma kan ƙusa. Dubi Bafillatanin da ke kora shanu daga Ladduga: 'yar shara, wata riga a sama, bargo ko gwado a wuya, wanda zai naɗe a kan sanda in rana ta ɗaga. Dubi matan Bajju da Atyap da Ham lokacin haƙar citta da yankanta: suwaita a ciki, zane a yafe, ɗankwali ya rufe kunne, kuma kafin a yi nisa da aiki zanen ya koma ƙugu. Ba wanda ya karanta musu littafi. Kakannin Agworok, wato mutanen Kagoro, waɗanda dutsen nan ya zame musu garkuwa daga mahara tsawon zamani, ba su san kwat ba, kuma masu gonaki a can sama da ke hawa da sauka da kaya a ka har yau, da wuya ka ga ɗayansu a cikin kumburarriyar riga yana haura gangare. In ana neman baƙo a cikin su biyun, kwat ce baƙuwa, ita ce ta tsallako teku a cikin dila.

Batun tsada ma da aka kafa hujja da shi, in an duba da kyau, bai tsaya inda aka ajiye shi ba. Rigar cikin da kantunan Turai ke sayarwa da tsada don kwashe gumi, zaren roba ne, irin wanda ake yin jesin ƙwallo da shi. Wane matashi ne a Kafanchan ko Zonkwa ba shi da jesin Arsenal ko Chelsea ko Manchester United? To ya riga ya mallaki riga ta farko. Suwaita kuwa ko ta makaranta ce akwai ta a akwati. Abin da ya rage masa 'yar jaket mai tare iska da hular ulu, kuma a rumfar gwanjo su biyun ba su kai kuɗin kwat mai kyau ba.

Sai dai a cikin masu jerawar ma akwai ɓaraka, kuma a kan auduga ne. Littattafan hawan dutse na ƙasashen sanyi sun tsine wa auduga, saboda tana shan ruwa ta riƙe, ta daɗe ba ta bushe ba. Wasu matasanmu sun haddace wannan suna maimaitawa kamar karatun allo. Maharba da manoma kuwa suna da nasu dalilin na ƙin zaren roba, kuma dalili ne mai nauyi. Hunturu lokacin wuta ne: ana ƙona daji, ana hura kara ana jin ɗumi da asuba. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda jaket ɗin nailan, in kuwa wuta ta kama ta, narkewa take yi ta manne a fata. Ulu ba ya saurin kamawa, auduga mai kauri ko ta ƙone ba ta narkewa. Ga ƙaya da kaifin dutse, waɗanda ke farke kwat mai gashi ta riƙa zubar da cikinta a hanya. Filis kuma maganaɗisun ƙura ne da tsinin ciyawa, in kuwa ya goga jikin karara, mai shi zai gwammace sanyin. A nawa ganin, wanda zai yi yini ɗaya a dutsen a Janairu cikin rigar auduga ba wani mugun abu da zai same shi, muddin ya riƙe busasshiya a jaka. Iskar lokacin da kanta tana busar da kaya. Tsinuwar da aka yi wa auduga an yi ta ne a ƙasashen da danshi ba ya barin riga ta bushe.

Amma irin wannan danshin muna da shi, sai dai ba a lokacin da muke tsoron sanyi ba. Yankin Kafanchan da Kagoro na cikin wuraren da suka fi samun ruwa a jihar Kaduna, don duwatsun na tare iskar da ke tasowa daga teku su tatse ta. Duk wanda ya ga yadda ruwan Matsirga ke zuba a watan Agusta ya san haka. Kuma damina ce lokacin da dutsen ya fi kyau, kore shar, don haka masu yawon buɗe ido ba sa fasawa. Mutum ya hau cikin 'yar riga saboda ba hunturu ba ne, hadari ya haɗo, marka ta sauka, hazo ya rufe hanya, iska ta taso. Jikin mutum yana aiki ne a digiri 37, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga hatsari: karkarwa, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta riƙa harɗewa, tunani ya rikice, a wurin da kuskuren taku ɗaya ya isa. Ba sai da ƙanƙara hakan ke faruwa ba. Jiƙewa da iska da gajiya da yunwa sun isa su kai mutum can ko da ma'auni bai nuna wani sanyin kirki ba. A nan kwat mai gashin agwagwa ba ta da amfani, don da ta jiƙe gashin ya dunƙule, iskar da ke ciki ta fice, ta zama nauyi kawai. Mai audugar roba ta fi ta haƙuri, ulu ma yana riƙe ɗan ɗumi ko da danshi. Abin da ake nema a ranar shi ne rigar ruwa. Akwai masu tsada irin na Gore-Tex, yadin da ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969, mai hana ruwan sama shiga yana barin tururin gumi ya fita. Wanda ya tsinci irinta a gwanjo ya taki sa'a, amma ya gwada ta da kofin ruwa tukuna, don da yawa sun tsufa, shafen cikinsu ya ɓare. In ba ta samu ba, rigar ruwa ta leda irin ta 'yan acaɓa ta fi babu nesa ba kusa ba. Za ta tara gumi, amma za ta tare iska, kuma ɗumin da ke ciki ba zai gudu ba.

Na ce zan dawo kan maganar nauyi. Kwat mafi ɗumi sau da yawa ita ce mafi rashin nauyi, wadda in ka matse ta a hannu ta dunƙule, in ka saki ta kumbura. Mai nauyin da ba ta kumbura, irin ta fatar roba mai ƙyalli, ado ce kawai. Mai sayen gwanjo yana da 'yan gwaje-gwaje da ba sa cin ko kwabo. Ya kafa baki a yadin ya hura: in iska ta ratsa ta taɓa tafin hannunsa, jaura ma za ta ratsa. Ya ja zif sama da ƙasa, ya ɗaga hannaye sama ya ga ko rigar na biyo su ta bar ƙugu a buɗe, don mai hawa kullum hannunsa na sama yana neman abin kamawa. Ya duba 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, wadda ke faɗin kashi nawa ulu ne, nawa auduga, nawa roba. Ita ta fi sunan kamfanin da ke ƙirji faɗin gaskiya, tunda sunan ana iya liƙa shi a ko'ina. Jaket ɗin waje kuma a saye ta da ɗan yalwa yadda suwaita za ta shiga ƙarƙashinta, don riguna in suka matsu sun kori iskar da ake son su tsare.

To wa ya yi nasara? In hawan Kagoro ne da ƙafa, a tafi da safe a dawo da yamma, ina tare da masu jerawa ba tare da wani kokwanto ba. Amma ba zan ce wa masu kwat su watse ba, don akwai inda maganarsu ke dawowa ko a kan dutsen. Wanda zai kwana a sama, ko zai daɗe a zaune yana jiran fitowar rana, ya koma sahun mai gadi, kwat yake buƙata, sai dai a jaka za ta yi tafiyar, ba a jiki ba. In aka matsa gaba zuwa duwatsun Shere na Jos masu mita 1,829, inda makarantar horar da matasa ta Man O' War ke kai ɗalibanta, ko Chappal Waddi na jihar Taraba mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, ko Kilimanjaro mai mita 5,895 da 'yan ƙasar nan suka fara yawan zuwa, kwat ta zama wajibi, amma a matsayin riga ta ƙarshe a kan sauran, wadda ake ɗaukowa in an tsaya. Hotunan masu kumburarriyar sutura a kan Everest ba sa nuna rigunan da ke jere a ƙarƙashinta.

Akwai kuma waɗanda ake mantawa da su a wannan gardama, saboda masu yin ta matasa ne majiya ƙarfi. Dattijon da ke tafiya a hankali ba ya yin zafin da saurayi ke yi, don haka kada jikansa ya auna masa sanyi da nasa jikin ya ce, "Baba, cire rigar nan, ai gari ya yi ɗumi." Goyon da ke bayan uwa shi ma a zaune yake. Ita tana haki tana gumi, shi kansa da ƙafafunsa suna waje a iska, gumin bayanta kuma na jiƙa masa gaban riga. Hula da safa sun fi masa komai. Masu cewa rabin zafin jiki ta ka yake fita sun yi ƙari, bai kai haka ba, amma kunne da wuya suna saurin jin iska, kuma hula ce abu mafi sauƙin cirewa da mayarwa ba tare da an tsaya ba. Wanda kuma ke ganin ƙwaryar burkutu ko wani abin sha mai zafi a maƙogwaro zai maye masa gurbin riga a ranar biki, ya sani giya tana buɗe hanyoyin jinin fata ne, ya ji ɗumi a waje alhali zafin cikinsa na tsiyayewa. Shayi mai citta ya fi, ga ta nan kuwa a ƙofar gida.

Wurin da na ga mutane sun fi yin sakaci ba a kan dutsen yake ba, a ƙasa ne bayan an sauko. An gaji, rana ta yi sanyi, jesi ta sha gumin yini guda, suwaita na can ƙasan jaka an manta da ita, sai a tare babur a haye a doshi Kafanchan. Tafiyar ba ta kai rabin sa'a ba, amma a cikinta mai hawan dutse ya koma fasinja, wato mai zama a cikin iska da jiƙaƙƙiyar riga, daidai lokacin da ɗarin magariba ke saukowa. Direban da ke gabansa yana cikin kwat ɗinsa, zif har wuya. Kafin a hau, a tsaya a gindin dutsen a cire jiƙaƙƙiyar, a sa busasshiyar da aka ƙunshe a leda tun safe, a mayar da suwaita da jaket a kai, sannan a ce wa ɗan acaɓa, "Malam, mu je."